Gabas Ɗin Ya Falmata

Cikin duk ranakun da na yi a kan teburin nan, akwai wata Laraba ta watan Afrilu da ta ƙi fita raina, ranar da Ya Falmata ta zo ofishinmu domin ta soke tafiyarta. Ku da kuka kama aiki bana kuna yawan tambayata abin da ya sa nake daɗewa da tsofaffi a ɗakin baya, alhali ga mutane suna jira a waje. To ku gyara zama, yau za ku ji dalili.

A lokacin ni jami'ar kula da matafiya ce, mataki na biyu daga ƙasa, Alhaji Kyari kuma shi ne manaja. Ga wanda bai san aikinmu ba, kamfanin shirya tafiye-tafiye ne a bakin GRA, nan Maiduguri. Mutum zai kawo fasfonsa, mu nema masa biza, mu duba katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, sannan mu yankar masa tikiti. Abu na ƙarshe shi ne wanda muke kira bita. A zaunar da matafiyi, musamman wanda bai taɓa fita ba, a gaya masa yadda zai sauya jirgi, abin da zai ɗauka da wanda zai bari, da irin garin da zai tarar. Bita ita ce rabona, kuma ina jin kaina da ita ƙwarai, duk da cewa ni mai bitar ban taɓa wuce Abuja a jirgi ba.

Ya Falmata tsohuwa ce 'yar unguwar Lamisula, Babarbariya ta gidi, doguwa, mai lafaya da ƙamshin humra da ke riga ta shiga ɗaki. Ɗanta Bukar, malamin sakandare, shi ya kawo ta tun farko. Autarta Yagana tana birnin Kuala Lumpur na ƙasar Malesiya tare da mijinta, dukansu karatu suke yi, kuma ga ta da cikin fari. Tafiyar ta jego ce. Uwa za ta je ta riƙe 'yarta, ta yi mata wanka, ta dama mata kunun kanwa, kamar yadda aka yi mata ita ma.

Ranar da ta fara ganina ta tsaya ta ƙare wa fuskata kallo, ta gaishe ni da Barbarci, ta ce, "Wushe, 'yata. Wannan hancin ai na Fulata ne."

Ba ta yi kuskure ba. Iyayena daga Kano suka zo, a Bulumkutu aka haife ni, amma kakata ta wajen uwa Bafulatana ce. Tsakanin Barebari da Fulani kuwa kun sani, babu nauyin baki. Daga ranar sunana Asma'u ya ɓace, na koma Fulata. Ta ce ta yaya wadda ba ta san komai ba sai bayan saniya za ta koya mata hawa jirgi. Na ce gara mu, mun zaga duniya da ƙafa, ba kamar waɗanda suka ɗauka ƙasa ta ƙare a Gamboru ta bakin iyaka ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki, muka zama abokai.

Idan matafiyi tsoho ne, mukan je gida mu ga kayansa kafin a ɗaure. Na hau Keke Napep na tafi Lamisula cikin zafin nan na Afrilu, na tarar an baje kaya a tsakar ɗaki. Barguna manya, suwaita, safa, har da hular ulu da wata maƙwabciya ta ara mata. Na ce, "Ya, duk wannan na mene ne?"

Ta ce, "Ƙasar waje ce ko ba ƙasar waje ba?"

Na gaya mata cewa garin da za ta ba su san lokacin sanyi ba. Zafi ne mai gumi daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, kuma da wuya a yi 'yan kwanaki ba a yi ruwa ba, yawanci da yamma. Na nuna mata hotunan da Yagana ta turo. Gine-ginen da kansu ya shige gajimare, jirgin ƙasa yana tafiya a saman tituna, ciyawa tana tsirowa a jikin bango ba wanda ya shuka ta. Gidajen saman ba su dame ta ba. Ruwan ne ya tsaya mata a rai, ita da ta girma a inda ake zuba wa sama ido wata da watanni.

Ta ce, "Babu rani?"

Na ce babu.

Ta ce, "To wa yake roƙa musu ruwan?"

Ni kaina sai a lokacin abin ya ba ni mamaki, alhali na sha faɗa wa mutane wannan magana kamar karatun hadda.

Muka ci gaba da tankaɗe da rairaya. Bandar kifi muka cire, domin ba lallai a bar ta ta shiga ba, ko an bar ta ma laimar garin za ta sa ta fumfuna. A kan kaskon turaren wuta muka fi jan daga. Na ce gidajensu akwai na'ura a rufi da take ihu idan ta ji hayaki, har a tara mata jama'a. Ta ce gidan da ba a turare shi ba mai jego ba za ta zauna a ciki ba. Daga ƙarshe muka daidaita a kan ƙaramin kasko na lantarki. Ganyen dogon yaro da ta shanya domin wanka kuwa, Yagana ta ce a bar shi, bishiyar tana nan a bayan gidansu. Na ce, "Kin ji, Ya, dogon yaro ya riga ki zuwa." Na baro ta ranar tana murna, tana ba jikoki bargunan da aka cire.

Biza ta fito, tikiti ya fito, saura kwanaki kaɗan a tashi. Sai ga Bukar da safe, fuska a murtuke. Ya ce tsohuwa ta ce ta fasa. An tambaye ta dalili, ta ce gwiwa. An kai ta asibiti, an ce gwiwa lafiya lau. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne ta daina ɗaukar wayar Yagana. Yarinya tana can tana kuka, ba ta san laifin da ta yi ba.

Ku fahimci inda matsalar take. Cikin Yagana ya shiga watansa, babu jirgin da zai ɗauke ta ta dawo gida. Biza kuma tana da wa'adi, idan ya wuce sai an sake nema daga farko, kafin nan an haihu, an yi suna, an gama arba'in. Idan Ya Falmata ba ta hau jirgin nan ba, autarta za ta yi haihuwar fari a bayan duniya, babu uwa, babu inna, sai miji ɗalibi da bai taɓa riƙe jariri ba.

Na kai maganar wurin Alhaji Kyari. Ya cire tabarau ya ce, "Asma'u, a ofishin nan ba a soke tafiyar babba da bakin ɗansa. A kawo ta, ki ji daga bakinta, ke kaɗai. Idan ta ce a'a, a'a ce."

Wajen hantsi Bukar ya kawo ta, ya koma makaranta. Na shigar da ita ɗakin baya, inda muke sallah da cin abinci. Na fara da abin da na saba. Na ce, "Ya, gwiwar da ta hau Keke Napep daga Lamisula, ita ce za ta kasa zama a kujerar jirgi? Har keken da za a tura ki a filin jirgi mun nema miki, kamar matar gwamna."

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma rama ba. Nan jikina ya ba ni cewa abin ya wuce wasa. Ta ce in tura ƙofa. Na tura.

Ta ce, "Fulata, kina iya riƙe magana?"

Na ce ina iyawa.

Ta ce kwanakin baya, wajen tsakar rana, suna hira da Yagana ta bidiyo, sai yarinyar ta ce an kira magariba, bari ta yi sallah. Ta jingine wayar a kan tebur ba ta kashe ba. "Magariba da rana tsaka ba ta dame ni ba. Bukar ya ce ranarsu tana riga tamu faɗuwa, na ce ikon Allah ne. Amma ina kallon tagar ɗakin, ga rana ja tana faɗuwa a cikinta. Yarinyar nan ta shimfiɗa darduma, ta ba gabas baya, ta fuskanci ranar, ta kabbara. Da idona na gani."

Ta goge ido da bakin lafaya. Ta ce ba ta gaya wa kowa ba, domin idan yayyenta suka ji, idan unguwa ta ji cewa Yagana ta bar gabas, da wane ido za a kalle ta. "Sunan mahaifiyata gare ta. Ni na koya mata alwala."

Na ce, "To Ya, me ya hana ki je ki gyara mata?"

Ta ce, "Na yi wannan tunani. Amma na ga dardumar mijinta a gaban tata, ita ma can take kallo. Ke nan garin ne gaba ɗaya. Ni kuwa ƙafata ɗaya a kabari take. Idan ajali ya same ni a can, ina za su juya fuskata?"

Gaskiya da farko dariya ta taso mini, amma wannan tambayar ta mayar da ita. Tausayi ya kama ni, da kuma wani irin girmamawa. Matar nan ta kwana da kwanaki tana ɗauke da wannan kaya ita kaɗai, ta gwammace a ce mata mai taurin kai da a taɓa mutuncin 'yarta. Kuma ba laifinta ba ne. A bakinmu gabas da alƙibla abu ɗaya ne. Mukan ce wane yana kallon gabas, ma'ana Musulmi ne. Mukan ce tashi ka kalli gabas, ma'ana ka yi sallah. Ita a duk rayuwarta ba ta taɓa tsayawa a inda kalmomin nan biyu suka rabu ba.

Na ɗauko kwamfuta na buɗe taswira, ina jin cewa yanzu zan gama da maganar. Na nuna mata Maiduguri, na nuna Makka, na nuna Kuala Lumpur. Ta leƙa ta ce, "Wannan zane ne, Fulata. Mai zane yana sa gari inda ya ga dama." Na nuna mata alƙiblar waya. Ta ce ai wayar ce ta fara nuna mata abin da ya hana ta barci. Na ce ta tuna yadda ake nuna Harami a talabijin, mutane sun kewaye ɗakin Allah ta ko'ina. Ta ce, "Wannan a ciki ne, ɗakin yana gabanka. Wanda ya fito kuwa sai gabas." Duk abin da na kawo tana da inda za ta ajiye shi. Dabarata ta ƙare, na fara tunanin yadda zan gaya wa Bukar.

Ana cikin haka mai kawo mana abinci ta turo tire, burabusko da miyar kuka. Na ce ko za a soke tafiya ba za a soke ta da yunwa ba. Muka wanke hannu muka zauna a tabarma. Ita ta zauna ta ba ƙofa baya, fuskarta a bangon da muke kallo idan za mu yi sallah. Ni na zauna a ɗaya gefen. Da yake hankalina ba ya jikina, ashe na ja tiren gabana.

Ta ce, "Ke Fulata, kin rungume tire kamar ƙwaryar nono. Turo shi tsakiya."

Na tura shi tsakiya, sai hannuna ya tsaya a bakinsa. Na ce, "Ya, yanzu ina kike kallo?"

Ta ce, "Gabas."

"Ni fa?"

"Yamma."

"To cikinmu wa ya ba abincin baya?"

Ta riga ta yanko loma, sai ta tsaya da ita a hannu. Ta dubi tiren, ta dube ni, ta sake duban tiren. Ta ce a hankali, "Kina nufin akwai mutane a bayan Makka?"

Na ce, "Birane ne, Ya. Sun ma fi mu yawa."

Ta mayar da lomar. Ta ce, "Ni na ɗauka daga Makka sai inda rana take fitowa."

Amma Ya Falmata ba mai sayen abu a duhu ba ce. Ta ce maganar addini ba a karɓar ta daga bakin Fulata kaɗai, in kira mata Alhaji, shi da ya je hajji ya kuma zaga ƙasashe. Ta ja kunnena kada in ambaci sunan kowa. Alhaji Kyari ya yi sallama ya durƙusa daga bakin ƙofa, suka gaisa da Barbarci. Sannan ta ce, "Alhaji, mutanen da suke bayan Makka, ina suke kallo idan za su yi sallah?"

Ya ce, "Ɗakin suke kallo, Ya, kamar mu. Mu ne muka sa masa suna gabas, domin ta nan ya faɗo mana. Garin da za ki na taɓa kwana a cikinsa. A rufin ɗakin otal akwai 'yar kibiya tana nuna alƙibla, kuma wajen faɗuwar rana take nunawa. Mamatansu ma can ake juya su." Bai tambayi dalilin tambayar ba. Ya miƙe ya ja mana ƙofa.

Ta zuba wa tiren ido. Ni ina jira ta ce to ta yarda, in tashi in ci gaba da aikina. Sai na ga ta sa yatsa a bakin tiren ta gefenta, ta ce, "Nan Lamisula." Ta miƙa hannu ta taɓa gefena. "Nan Yagana." Ta dube ni, idonta ya cika. "Fulata, ashe duk shekarun nan da na ce yarinyar nan ta yi mini nisa, idan na tsaya ita ma ta tsaya, fuskata tana kallon tata."

Ni ce mai taswira, ni ce mai bita, na san da zancen nan tun ina makaranta, amma a kaina kawai yake, bai taɓa sauka ƙirjina ba. Sai a lokacin na hango abin yadda yake. Sahu a bayan sahu, daga nan har inda ruwa ba ya ɗaukewa, kowa ya tsaya a gefensa, an sa ɗaki ɗaya a tsakiya. Ga masu azahar, ga masu isha'i, ga waɗanda asubarsu ba ta yi ba tukuna. Na ji na zama ƙanƙanuwa, na kuma ji daɗin hakan. Abincin ranar dai ya huce ba mu ci ba.

Aka kira azahar a masallacin bayan ofis. Ta ce in kira mata Yagana. Bugu ɗaya yarinyar ta ɗauka, da ganin fuskarta ta sha kuka. Na zaci za a yi dogon bayani, ko a ba da haƙuri. Ya Falmata ta yi mata magana da Barbarci, ɗan abin da na tsinta shi ne tambaya. Ta ce mata ko ta yi isha'i. Yagana ta ce yanzu take shiri. Uwar ta ce, "To jira ni." Ta miƙo mini wayar ta ce in ba ta buta.

Na shimfiɗa mata darduma. Ta tsaya ta kalli gabas ɗinta ta kullum, tana sane da cewa a can ɗaya gefen wata ta tsaya da cikinta tana kallon yamma. Na fita na ba ta wuri, domin ni ma idona ya kawo ruwa.

Da na koma wurin Alhaji Kyari ya ce, "A soke?" Na ce a bari. Ya mayar da tabaransa ya ci gaba da abin da yake yi. Har ya bar aikin nan bai tambaye ni abin da ya faru a ɗakin ba, Bukar ma ban gaya masa ba. Yau da nake ba ku labarin, ita da kanta ta ba ni izini, domin ta riga ta baza shi a Lamisula tana yi wa kanta dariya.

Abin da na koya shi ne, fasfo da biza da tikiti su ne mafi sauƙin aikinmu. Mutum ba ya fasa tafiya saboda gwiwa. Akwai abin da ya tsaya masa wanda ba zai faɗa a gaban layi ba, ba zai faɗa a gaban ɗansa ba, kuma ba ya cikin abin da muka haddace. Mu da muke aika mutane bayan duniya, muna auna musu akwati, amma kayan da ya fi nauyi ba ya hawa sikeli. Shi ya sa nake tura ƙofa, nake sa a kawo tire, nake jira. Kuma tun daga ranar ba na sallamar mai zuwa wancan yanki sai na gaya masa inda zai kalla, ko da farfesa ne.

Ya Falmata ta tashi a ranar da aka tsara, ta sauka lafiya, ta riga naƙuda isa. An sami mace. Bayan suna sai ga saƙon murya a wayata, ana jin ruwan sama yana zuba a bayanta kamar da bakin ƙwarya, ga kukan jaririya. Ta ce gaskiyata ce, har yanzu ba ta ga mai roƙa musu ruwan ba, kuma na'urar rufi ta yi mata ihu sau ɗaya, sun sasanta. Sannan ta ce, "Fulata, yanzu ni ce a ɗaya gefen tiren. Idan kin tsaya azahar ki gyara tsayuwarki, ina kallon ki."

Ta daɗe da dawowa, jikar ma ta shiga makaranta. Amma har yau idan na ɗaga hannu zan kabbara, sai na gyara tsayuwa.